Taƙi Biyar da Yatsa Biyu

Ranar goma ga azumin 2024, saura kamar rabin awa a sha ruwa, Anti, matar yayana, ta buɗe firjinta ta ɗauko ƙullin zoɓo, ta ɗora shi a kumatu, ta ce, "Malam, wannan ai shayi ne." Azumin shekarar ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, ga kuma yaran unguwa sun cika zaure da kuɗinsu a hannu suna jiran zoɓo da kunun aya mai sanyi. Sai haƙuri aka ba su.

Yayana tsohon hedimasta ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana ba da umarni ana bi, kuma mutum irin wannan ba ya kiran mai gyara, sai dai ya kira ƙaninsa. Bayan tarawi ya naɗe hannun riga, ya ce, "Auta, riƙe mini tocila." Na haura arba'in, 'ya'yana uku, amma a gidan Yaya har gobe Auta nake, kuma aikina riƙon tocila ne da cewa "haka ne".

Firjin ɗan gwanjo ne, irin waɗanda ake kwasowa daga Turai bayan masu su sun gaji da su. Ƙofarsa ɗaya, da ɗan akwatin ƙanƙara a sama. Akwatin nan ya cika da ƙanƙara har murfinsa ba ya rufuwa, ƙasa kuwa ɗumi kamar ɗakin mai jego. Yaya ya dubi tulin ƙanƙarar, ya ce sanyin ne ya taru a sama ya ƙi saukowa, ya miƙa hannu ya ɗauko wuƙar yankan nama.

Allah ya sa Anti na kusa. Ta karɓe wuƙar kamar yadda ake karɓe ta daga hannun yaro, ba ta ce uffan ba. Da gaskiyarta kuwa. Bangon akwatin nan siririn alminiyom ne, kuma a cikinsa hanyoyin gas suke bi. Tsinin wuƙa ɗaya ya isa a ji "tsss", shi ke nan gas ya tafi, gyaran da zai ci ɗan canji ya koma cinikin akuya. Ta cire filogi, ta sa kwanon ruwan zafi a ciki, kafin sahur ƙanƙarar ta zube da kanta.

Abin mamaki, Yaya ne ya gano cutar, kuma ya zama dole in faɗa don kada a ce ina yi masa hassada. Ya zaro naira ɗari biyu, ya maƙala ta a bakin ƙofa, ya rufe, ya ja. A sama takardar ta yi gardama. A gefe ma haka. Da aka zo ƙasa ta ɓangaren hannu, tun kafin ya ja ta sulale ta faɗi, ƙaramin ɗansa ya ɗauke ya yi waje. Robar da ke zagaye da ƙofar firji akwai siririn maganaɗisu a cikinta, shi yake manne ta da jikin ƙarfen. Idan ta tsufa ta bushe ko ta tsage, iska mai zafi ta riƙa shiga ke nan, danshinta ya daskare a jikin akwati. Ga kuma tururin zoɓon da ake zubawa ciki bai gama hucewa ba. Ƙanƙara in ta yi kauri sai ta zama bargo, ta hana sanyin isa ƙasa, inji ya yi ta aiki ba hutu, amma a banza.

"Roba ce," in ji Yaya, yana duban mu ɗaya bayan ɗaya kamar ranar rabon sakamako. Anti ta ce to a cire tsohuwar a tafi da ita kasuwa. Yaya ya ce ba a ɗaukar gini a kai wa mai siminti, awo ake yi.

Awon ya yi shi da hannu. Faɗi taƙi uku, tsawo taƙi biyar da yatsa biyu. Ya rubuta a bayan katin ɗaurin aure, washegari muka hau a-daidaita-sahu zuwa wani shagon kayan firji a Sabon Gari.

Mai shagon ya tambayi lambar firjin. Yaya ya ce fari ne. Ya sake tambaya, Yaya ya ce mai ƙofa ɗaya. Da mutumin ya ga katin, sai ya buɗe nasa hannun a kan wata roba, taƙinsa bai kai na Yaya ba, don shi gajere ne mai 'yan yatsu. Aka shiga muhawara kan hannun wa za a bi. Yaya ya ce ai hannun da ya yi awo shi zai karɓi kaya. Sai dai hannun da ya auna firji da daddare bayan an ci an sha, a miƙe yake tsaf, wanda ya zo kasuwa da azahar da azumi a baki kuwa ya ɗan saduda. Muka dawo da roba, aka gwada, ta gaza da kusan yatsa uku. Yaya ya ja ta da ƙarfi don ta kai, kusurwa ɗaya ta yage, ta yadda ko mayarwa ba za a yi ba.

A zuwa na biyu an ci gaba, don an aro tef daga telan da ke bakin layi. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, ɗaya inci, ɗaya santimita, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Yaya ya auna faɗi ya samu 21. Da zai auna tsawo tef ɗin ya murɗe a hannunsa, ya karanta 98. Ni da nake riƙe da tocila na gani, amma na tuna matsayina.

Mai shagon ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Alhaji, in inci ne, tsawon ƙofar nan ya kusa mita biyu da rabi, ta fi ƙofar shagona. In kuma santimita ne, faɗinta bai kai farantin tuwo ba. Wanne ne a ciki?" Wani yaronsa ya danna waya ya ce inci 21 santimita 53 ne da 'yan kai, watau ƙofa ce mai 54 da 98. Yaya ya ce abin da ya rubuta ke nan tun farko.

Wannan karon girman ya yi daidai kamar an yanka don ita. Sai dai ta ƙi shiga. A nan muka koyi cewa robar firji ba tsawo da faɗi kawai gare ta ba, tana da ƙira a bayanta. Wata tana da ɗan tudu mai kama da kan kibiya, ana danna shi cikin wani siririn kwari da ke zagaye da ƙofa. Wata leɓe gare ta, ana cusa shi ƙarƙashin farin murfin cikin ƙofa a ɗaure da sukurori. Wata ma mannawa ake yi. Tamu mai kan kibiya ce, wadda muka sayo mai leɓe. Ko cikin masu kan kibiyar ma kaurin ya bambanta, abin da ba za a gane ba sai an yanko ɗan guntu an dubi bakinsa.

Kwana huɗu ke nan ƙofar firji na ɗaure da tsohuwar robar tayar keke. Anti ta koma sayen ƙanƙara a waje tana zubawa a kula, ribar zoɓo tana tafiya can. Ba ta yi faɗa ba. Kullum dai in ta zo wucewa ta gaban Yaya sai ta ce, "Sannu da aiki, injiniya."

Zuwa na uku da tsohuwar robar muka tafi, a cikin buhu. Yaya ya ce shawara ce da ya daɗe yana juyawa a ransa. Minti biyar ba a yi ba aka samo irinta. A naɗe take cikin leda, duk ta lanƙwashe, mai shagon ya ce a jiƙa ta a ruwan ɗumi ta miƙe, a fara dannawa daga kusurwoyi huɗu sannan a bi tsakiya. Aka yi haka, ta zauna daram. Aka sake gwajin ɗari biyu, wannan karon da tawa, ta kama ko'ina.

Da an tsaya nan da an rabu lafiya. Amma Yaya yana son ya ji da kunnensa cewa injin yana tashi. Ya cire filogi ya mayar. Ya ji ƙugi, ya gyaɗa kai. Ya sake cirewa ya mayar don in ji ni ma. Ya kira Anti, ya sake. A karo na huɗu ko na biyar firjin ya yi ɗan gurnani, sai "ƙas", ya yi shiru. Bayan 'yan mintoci ya sake gurnani, "ƙas". Fitilar ciki na ci, sanyi babu.

Kafin la'asar maƙwabta sun hallara, kuma bakinsu ɗaya: gas ya ƙare. A garin nan duk abin da ya sami firji gas ne, kamar yadda duk zazzaɓi maleriya ce. Wani ya ce kwamfiresa ce ta ƙone, ya faɗi kuɗin sabuwa, Yaya ya nemi kujera ya zauna.

Anti ce ta aika aka kira wani matashi mai gyara a bayan layi, wanda ashe ya yi firamare a hannun Yaya. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya cire filogi kafin ya taɓa komai. Ya ce, "Baba, gas ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Zagaye yake yi a cikin bututu a rufe. In ya ragu, to wani wuri ya huje, kuma in ba a toshe ba, ko an zuba sabo zai bi sawun na farko."

Ya nemi takardar bayanin firjin. Muka ce ba shi da ita. Ya leƙa bangon ciki ta hagu, ya sa farce ya ɓamɓare wata sitikar biki, amarya da ango suna murmushi tun shekara bakwai da suka wuce. Ga lambar da mai shago ya yi ta tambaya, a ƙarƙashin fuskar ango. Ga 220 zuwa 240 na ƙarfin wuta, daidai da namu, ba irin na Amurka mai 120 ba. Ga kuma R600a, sunan gas ɗin. Yaron ya ce ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kamawa da wuta, ko da yake abin da ke cikin firjin gida bai wuce giram 150 ba. Shi da R134a su suka maye gurbin R12 na firjin iyayenmu, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda yana cinye rufin ozon na sararin sama. Kowace kwamfiresa da irin gas ɗinta, ba a yi musu haɗin gambiza. Na dubi Anti, Anti ta dubi wuƙar da ke kan tire.

Sai ya nuna wani harafi guda, N. Ya ce ajin yanayi ne. Mai N an yi shi don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST ya kai 38, T kuma 43. Watau bawan Allah nan an haife shi don sanyin Turai, ya tsufa a can, aka kawo shi kicin ɗin Kano ya yi ritaya kusa da murhu. Ƙasar Gana dai tun 2013 ta hana shigo da tsofaffin firji, saboda wutar da suke sha.

Ya juya firjin, ya zare wani baƙin murfi a gefen kwamfiresa, ya ciro wani abu da bai kai kwalin ashana ba. Ya kai kunnen Yaya ya girgiza. Ƙacau-ƙacau, kamar tsakuwa a gwangwani. Rile ke nan, mai ba injin turin farko. A cikinsa akwai ɗan faifai da ke yin zafi ya yanke wuta da zarar inji ya tashi, kuma sai ya huce kafin ya sake aiki. Gas ɗin ma yana bukatar kamar minti biyar ya daidaita bayan an kashe. In aka mayar da wuta nan take, inji ya yi ta yunƙuri ya kasa, sai wani ɗan maɓallin kariya ya katse shi don kada ya ƙone. Shi ne "ƙas" ɗin da muke ji. Faifan namu dama ya tsufa, gwajin Yaya ya ƙarasa shi.

Don ya tabbatar kwamfiresar na da rai, ya ɗora mitarsa a kan ƙusoshi uku da ke jikinta, biyu-biyu. Ya samu 18, ya samu 25, ya samu 43. Ya ce, "Baba, ƙananan biyun in aka haɗa su ba da babban, to wayoyin ciki lafiya lau." Yaya ya gyara zama. Ya ce sha takwas da ashirin da biyar arba'in da uku ne, kuma shi ya koya masa wannan a aji uku. Yaron ya ce haka ne, Baba.

Kuɗin sabon rile bai kai abin da muka ba 'yan sahu a zuwa uku ba. Aka sa, aka jira minti biyar cur da agogon Yaya, aka mayar da filogi, inji ya ɗauka. Yaron ya share ƙurar da ta lulluɓe baƙin ragar baya, inda firji ke fitar da zafinsa, ya ce a nisanta shi da murhu, a bar tazara tsakaninsa da bango. Yaya ya tambaya nawa. Ya ce ko taƙi ɗaya ya isa. Yaya ya buɗe hannu ya auna da kansa, kuma wannan awon ba wanda ya yi masa gardama.

Ranar sha bakwai ga azumi zoɓon Anti ya koma kasuwa. Robobi biyu kuwa suna nan rataye a ƙusa a zauren Yaya. Ɗaya ta yage a kusurwa, ɗayar sabuwa ce fil, santimita 54 da 98, mai leɓe, ta ɗaurin sukurori. Duk mai firjin da ta yi wa daidai ya zo ya ɗauka kyauta, amma don Allah ya taho da tsohuwar tasa a hannu.