Masu ƙirga gashin jelar mikiya

A Amurka akwai dattawa masu hankalinsu da kan wuni da gilashin ƙara girma a ido, suna ƙirga gashin jelar tsuntsu. Tsuntsun kuwa mikiya ce ta bayan dalar azurfa da ake kira Morgan, wadda aka fara bugawa a 1878. Bugun farko gashi takwas aka yi mata, daga baya aka mayar bakwai. Da aka zo gyara, sai aka buga sabon zane a kan tsohon hatimi, tsofaffin gasu suka riƙa leƙowa ta ƙasa. Wannan aikin ha'ula'in shi ne yau ake rububinsa. Ita mikiyar gaske goma sha biyu gare ta, ba wanda ya tambaye ta.

Harafi ɗaya ma ya isa tada hankali. A 1893 gidan buga kuɗi na San Francisco guda 100,000 kacal na wannan dalar ya buga, kowacce da ɗan harafin S. Sai 'yan damfara su samo ta Philadelphia marar harafi, su liƙa mata S, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Shi ya sa gwani ba ya yarda da ido kaɗai. Zai ɗora ta a sikeli ya ga giram 26.73, ya kanga mata maganaɗisu don azurfa ba ta binsa, sannan ya tura wa kamfanin tantance tsabar kuɗi na PCGS ko NGC su rufe ta a roba da shaidarsu.

Idan Allah ya haɗa ka da irinta, don Allah kada ka goge ta da toka. Dattin nan ake saye.