Jinjirin Watan da Na Gani a Kan Dala

Mu Rumawan Batsari, da yake Allah Ya zaunar da mu a gefen dajin Rugu, cikin ƙasar da duwatsu suka yi wa ƙawanya har zuwa Safana, ba mu ɗauki hawan dutse a bakin komai ba. Saboda haka, da fataucin rogo ya kai ni Kano ran 29 ga Sha'aban, mai masaukina na Madabo ya ce almajiransa za su hau Dala duban wata, sai na naɗa harsata, na ce ni ne jagora.

Dala kuwa dutse ne mai asali, domin littafin tarihin Kano ya ruwaito cewa a kansa Barbushe ya zauna yana hidimar Tsumburbura, ana kawo masa baƙaƙen awaki da baƙaƙen kaji, tun kafin Wangarawa su iso da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya hau gado a 1349. Wannan ƙissa yaran suka yi ta ba ni muna hawa, ni kuwa ina tsayawa lokaci lokaci domin tafakkuri cikin halittar Ubangiji, abin da marasa ladabin cikinsu suka fassara da haki.

Da muka kai ƙololuwa, birni ya shimfiɗu a ƙarƙashinmu, ga Gwauron Dutse, ga hasumiyoyin masallacin Juma'a, sai na zauna in huta. Ban ankara ba na ji ana jan rawanina ta baya, ina waiwayawa muka yi ido huɗu da baƙin bunsuru, baƙi wuluk, irin na ƙissar nan. Na yi ta'awwuzi, na kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ina ja yana ja, har dai muka rabu a kan sulhu, shi da zira'i guda a baki, ni da saura.

Rana na faɗuwa na ɗaga kai yamma, sai ga jinjirin wata, fari, siriri, a lanƙwashe. Na kwaɗa kabbara. Yara suka ƙura ido har da hawaye, ba wanda ya gan shi, ni kuwa saboda baiwar gani, duk inda na juya yana nan. Wani ƙaraminsu ya durƙusa ya ce, "Gafarta Malam, har a gabas ma kana ganinsa?" Na ce ƙwarai. Ya miƙa hannu ya cire wani farin zare da ya sauko daga yagaggen rawanin bisa girata, aka kuwa yi rashin sa'a, a daidai wannan lokaci watan ya faɗi.

Da na kai shaidata gaban mai masauki, ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce a mazhabar Imamu Malik sai da adilai biyu, ni ɗaya ne, na biyun kuma ya cinye hujjar. Amma wanda ya haƙiƙance ya ga wata shi kaɗai, azumi ya wajaba a kansa. Ya tambaye ni ko na haƙiƙance. Baruma ba ya janye magana. Sanarwa ta zo daga fadar Sarkin Musulmi cewa Sha'aban zai cika talatin, kashegari na wuni da azumi a zaure, su kuwa suna cin dafaffen rogona da ƙuli-ƙuli, suna yi mini sannu da ibada.