Yadda Ake Zagawa da Baƙo Bakin Ruwayen Adar

Idan Allah ya kawo maka baƙo mai daraja a Madawa, ya ci tuwonka kwana biyu, ya gaisa da dattawan unguwa, ya sayi tabarmar kaba a kasuwa, har ya fara duban ƙofa yana tambaya ko akwai wani abin kallo a ƙasar nan bayan albasa, to, lokaci ya yi da za ka ɗauke shi, daga kai sai shi sai direba, ka zaga da shi garuruwan da ke bakin ruwa, daga kwarin Tarka zuwa Majiya, daga Majiya zuwa Keita, in kuma da sauran mai a mota da sauran haƙuri a zuci, har tafkin Tabalak. Wannan hidima tana da sharuɗɗa da ladubba, kuma ganin yadda gaggawa take ɓata ta a hannun mutanen kirki ya sa na ɗauki alƙalami.

Sharaɗi na farko shi ne lokaci, domin akasarin ruwan ƙasarmu ba mazaunin dindindin ba ne, da damina yake zuwa, da bazara ya yi sallama. Mafi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Disamba, bayan an yanke gero, madatsun ruwa sun cika, ƙoramu sun daina tare hanya, hazon hunturu kuwa bai riga ya lulluɓe duwatsu ba. Wanda ya yi jinkiri har Afrilu zai tsaya da baƙonsa a kan busasshiyar laka yana nuna masa da sanda iyakar inda ruwa ya kai, yana kiran makiyaya su zo su ba da shaida. Wanda kuwa ya yi azarɓaɓi ya fita a watan Agusta zai yini a gaɓar ƙorama yana jiran ta janye, baƙo ya ga ruwa har ya gaji da ganinsa.

Sai zaɓen direba. Ka nemi dattijo wanda ya san hanyar Buza da Keita a kowane yanayi, ka guji wanda kowane gari ka ambata sai ya ce maka nan da can ne, domin a bakin irinsu Agadas ma nan da can ce. Ka duba da idonka cewa akwai tayar ajiya, da jarkar ruwa, da buta, da tabarma, da goro da sukari da ganyen shayi waɗanda za a gabatar a ƙofar manya. Kowa ya riƙe katinsa na shaida a aljihun gaba, inda hannu zai kai gare shi ba tare da an kwance kaya a gaban jandarma ba. Kafin ku wuce Tawa zuwa arewa kuma lalle ne ka tambayi hukuma halin da hanya take ciki a wannan makon, abin da suka ce shi za a bi, domin ran baƙo amana ne a wuyanka.

Akwai wata mas'ala da ya wajaba a warware tun mota ba ta tashi ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ƙayyade tafiyar ƙasaru da mil 48, wato kimanin kilomita 80, kuma tafiyarku ta zarce haka. Saboda haka ku daidaita a ƙofar gida a kan wane ne shugaban tafiya, wane ne liman, kuma daga ina za a fara ƙasaru. In ba haka ba, idan baƙon ya taɓa karatu, direban ma ya taɓa, za su buɗe babin a gindin gawo da azahar, kowa yana kawo abin da ya ji daga malaminsa, ba za su rufe ba sai inuwa ta nuna la'asar.

Ku fita bayan asuba, ku fara da kwarin Tarka, wanda yake nan a bakin gari. Ruwa na farko da za ka nuna wa baƙo sai an leƙa rijiya ake ganinsa, domin a wannan fadama yana kwance ne kusa a ƙarƙashin ƙasa, manoman rani suna jawo shi da injin ban-ruwa zuwa fangalin albasa. Ka nuna masa rudun da ake ajiye albasa a ciki ana jiran kasuwa ta yi kyau, da gabun da ake shanyawa na miya, sa'an nan ka sanar da shi cikin natsuwa cewa jar albasar nan da duniya ta sani da sunan Galmi, garin da ke yamma da mu a kan babbar hanyar Ƙonni, ita ce manyan motoci suke kwasa zuwa Abijan da Akara da Kwatano. Idan baƙon Bazabarme ne, ka ƙara rabin sa'a a lissafinka, domin Gobirawan da ke cikin lambun ba za su bar taubashinsu ya wuce ba sai sun tambaye shi wanda ya ba shi izinin taka ƙasar iyayen gidansa, shi ma ba zai tafi ba sai ya rama.

Daga nan hanya tana hawa tudu tana gangarawa har ƙasar Buza, kuma a daidai wannan wuri ne gyangyaɗi yake kama baƙo, a daidai wurin da bai kamata ya rufe ido ba. Ka tashe shi da goro. Idan kuka leƙa kwarin Majiya daga bisa, zai ga dogayen layukan dogon yaro sun ratsa gonaki, bibbiyu a jere, tsakanin wannan jeri da wancan kimanin mita 100, ka gaya masa cewa ba su tsiro da kansu ba: a shekarar 1975, bayan farin da ya gigita Sahel, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoman yankin Garadume suka fara dasa su don su karya iskar da take kwashe ƙasar gona, tana binne gero tun yana ƙarami. Aikin ya yi albarka har masana daga ƙasashe masu nisa suka riƙa zuwa suna aunawa suna rubutawa.

Yanzu ga maganin wata cuta da take damun masu jagora a ƙasar nan. Da yawa daga baƙinmu, har da 'ya'yanmu da suka daɗe a wurin bida, sun ga teku a Legas ko Lome, kuma da wuya ka nuna wa irinsu tafki ba su yi murmushi sun tambaya ko wannan shi ne ruwan da ake faɗi ba. Kada ka yi musu da shi, kada kuma ranka ya ɓaci. Ka sa direba ya tsaya a gindin ɗaya daga duwatsun da ke tsakanin Buza da Keita, inda farin dutse ya bayyana a ƙarƙashin jar marmara, ku duba a hankali, domin a cikin irin wannan dutse ake samun ɓawon halittun teku da suka sandare. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce teku ce take kwance a kan wannan yanki, har suka sa wa shimfiɗar dutsen sunan Garadawa, wani gari na ƙasar nan, kuma dangin wannan dutse ne ake ƙonawa a Malbaza ana yin siminti. Ka ɗora masa guda a tafin hannu, ka bar shi ya yi tafakkuri a kan ikon Mai juya ƙasa da ruwa yadda ya so. Galibi ba a sake jin zancen Legas sai an kusa Tawa.

A Keita za ku daɗe, kuma ya cancanta. Ku fara da fada, domin shiga gari a wuce ƙofar sarki zuwa bakin ruwa rashin ladabi ne, kuma gaisuwar fada ba a yi mata agogo: za a tambayi gajiya, da gida, da mutanen Madawa, da damina, a koma kan gajiya, a kawo fura, kuma wanda ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye ludayi zai sha tambaya ko ba shi da lafiya. A nan baƙo zai ji cewa sarautar Keita ta Lisawan ce, waɗanda tarihinsu yake haɗe da na Agabba, ɗan Sarkin Agadas da ya ci ƙasar Adar a ƙarshen ƙarni na 17, zai kuma ga yadda Hausawa da Buzaye da Fulani suke cin kasuwa ɗaya suna shan ruwa ɗaya.

Bayan haka ka fita da shi zuwa madatsun ruwa, a nan ne kuma nake roƙonka, ya ɗan'uwa, ka rage raha ka yi bayani da gaske. A shekarar 1984, lokacin da fari ya sake faɗowa, tuddan Keita sun zama fako, ruwan sama kaɗan da yake sauka yana gangarowa da ƙarfi ya yaga gonaki ya wuce, magidanta kuwa sun watse neman abinci. A wannan shekara aka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin gwamnatin Italiya, da kulawar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana biyan leburori da abinci. Kuma da yake maza sun tafi ci-rani, mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyin, suna fasa dutse, suna ɗauka a ka, suna jera shi a gangare, suna haƙa ramuka a jikin tudu don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, suna dasa itace a bakin kowane rami. A cikin shekaru 20 na farko an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an tare ƙoramu da madatsu masu yawa. Duk ruwan da baƙo zai gani yana walƙiya a tsakanin duwatsun nan, da lambunan da ke gefensa, da garken da yake sha, rahamar Allah ce da ta biyo ta kan wuyan waɗannan mata, kuma idan kuka haɗu da wata tsohuwa daga cikinsu, ka sa ya durƙusa ya gaishe ta da inna, ya saurari abin da za ta faɗa, domin ta fi kowane jagora sanin inda kowane dutse ya fito. Kada kuma ka ɓoye masa cewa yashi da laka suna cike madatsun a hankali, suna bukatar yasa da gyara, domin wataƙila yana cikin waɗanda ake jin maganarsu a Yamai.

Ibohaman da fadamarta ta noman ban-ruwa suna kusa, ku leƙa in rana ba ta yi nisa ba. Tamaske a kan hanyarku take, garin fatake ne, kada ka bar baƙo ya yi ciniki shi kaɗai. Ku kwana a Tawa.

Da sassafe ku kama hanyar Agadas, kimanin kilomita 50, sai ga Tabalak, inda ruwa yake miƙe a tsakanin tuddai har wajen Kehehe, raƙuma da shanu a wannan gaɓa, masu lambu a waccan, masunta a tsakiya cikin jiragensu. A shekarar 2005 aka shigar da wannan tafki cikin jerin dausayoyin da duniya ta yi alkawarin kiyayewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a 1971 a wani gari na ƙasar Iran mai wannan suna, dalili kuwa shi ne tsuntsayen da suke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan tare da kirinjijiya da zalɓe da balbela na gida. Ka hana baƙo tafa hannu don su tashi ya ɗauki hoto, domin sun yi tafiyar da ta fi tasa nisa, suna da haƙƙin hutu. Haka nan kada ya ɗauki hoton matan da ke wanki ko ɗiban ruwa, ko na makiyayi da garkensa, sai an nemi izini an bayar.

Idan ya nemi shiga jirgi, ku nemi sarkin ruwa, ku yi sallama, shi zai zaɓa muku wanda zai tuƙa. Baƙo ya tattare babbar riga, ya zauna a tsakiya, ya bar nuna abubuwa da dukan jikinsa, kuma duk abin da ya tuna yana so ya faɗa a tsaye ya ajiye shi sai an dawo tudu. Wanka kuwa ka hana shi ko da ya rantse ya iya iyo, saboda tsargiya tana zaune a irin wannan ruwa mai kwanciya, kuma ba tsarabar da ta dace mutum ya kai wa iyalinsa ba ce. Alwala ma a yi da ruwan jarka.

Kafin ku juyo ku sayi kifi a hannun masu kamun, tarwaɗa ko karfasa, ku biya abin da aka yi ciniki ba tare da an matse su ba, ka ƙara wa mai jirgi wani abu a kan ladansa. Mai ƙyafi ya fi jure hanya. A naɗe shi da kyau a sa a bayan mota, nesa da jakar tufafin baƙo, a ƙirga gidajen da za a raba wa tun a can, da gidan liman da na direba a ciki, kuma ku tashi da wuri yadda magariba za ta same ku a cikin gari.