Furen Shuɗi da Ya Dawo Fari

Mu a unguwar nan, abu in ya shiga gida ɗaya, kafin a ankara ya zagaye layi. Da furen roba muke jerawa a falo, ranar Juma'a a kaɗe masa ƙura. Yanzu shuka mai rai ake yayi, irin ta manyan kantuna, a 'yar tukunya mai ƙyalli. A kanta ake ta musu tun da okid ɗin Hajiyar gidan kwana ya sake fure.

Shuɗi ta sayo shi, shar, har ana zuwa kallo. Da ya zubar ya sake fitowa sai ga shi fari tas.

"Hajiya, ai rini ne," in ji malamar makarantar da ke haya a gidan. Ta ɗaga karan ta nuna mana wani ɗan rami da aka toshe da kakin zuma. Ta nan ake tsira allura a ɗura ruwan shuɗi, ya hau har cikin furen. A Florida ta Amurka aka fito da wannan salo kasuwa a 2011.

"Yo me ya yi zafi?" in ji amaryar layin. "Mu ba ma ƙunshi ne? Kwalliya ce, Anti."

Nan na ƙi yarda. Mai ƙunshi ta san lalle ta sa, mai kallo ma ya sani. Hajiya kuwa ba a gaya mata ba, kuma ta biya kuɗin shuɗi. Okid ma da sauƙi, yana rayuwa. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙananan shuke-shuken nan masu kaurin ganye da ake fesa wa fenti da ƙyalƙyali. Ganye da hasken rana yake haɗa abincinsa, ta ƙananan ƙofofin jikinsa yake shaƙar iska. Ka lulluɓe shi da fenti, ka toshe masa duka biyun. Sai shukar ta yi ta ramewa, uwar gida tana ƙara ruwa tana zargin hannunta, har saiwar ta ruɓe. Haka busasshen furen da ake manna wa kaktus da gam: wata shida yana nan bai yanƙwane ba, in ka ɓamɓare ka bar tabo.

Amma a yi adalci, ba duka ne algus ba. Kaktus mai jan kai ko rawaya launinsa na gaske ne. Ba shi da koren da zai ciyar da kansa, shi ya sa ake yi masa aure a kan wani kore, yadda ake yi wa mangwaro. Koriya ta Kudu ta shahara da noma shi. Sai dai ba ya daɗewa, 'yan shekaru ne.

Baba mai gadi, da ke jinmu daga bakin ƙofa, ya leƙo ya nuna wata tukunya: "Wannan ai moda ce, da ita ake tsirkiyar baka." Gaskiyarsa. A Afirka ta Yamma asalinta yake, yau tana ofisoshin Turai, tana jure ƙishi da inuwa ba tare da an shafa mata komai ba.

Don Allah, kafin ki miƙa kuɗi, ki ɗan karci ganyen da farce, ki duba karan, ki tambayi mai kanti wane launi zai fito a karo na biyu.