Mu da Itatuwan Dutsenmu

Mu nan gindin dutsen Kwatarkwashi, da an ce wane ya kwana da zazzaɓi, kafin a gama jajantawa wata ta ɗora tukunya. Kowane gida da abin da ya yarda da shi. Jiya da la'asar ma zancen da aka yi ke nan a ƙofar gidan Kawu.

Goggo ta ce ita hano ne nata, wanda mutanen Kano ke kira ararrabi. "Ku dubi inda yake fitowa mana, tsakanin duwatsu, inda ko gero ba ya yi. A dafa sassaƙensa a sha, a yi wanka da sauran, ciwon gaɓoɓi ya saki mutum."

"Yaya, kin manta da maɗaci," in ji Kawu. "Ɗacinsa ne maganin. Ciki ya murɗa, jiƙa ɓawon ka kurɓa."

Daga nan kowa ya sako nasa. Mai jego sai sabara, a sha a kunu, a kuma ba mai gudawa. Idon mutum ya yi ɗorawa, a tono saiwar rawaya don shawara. Tari kuwa marke. Da aka ambaci sanya, uwar magunguna, Goggo ta ɗaga hannu: ƙanshin saiwarta kaɗai ya isa ya gaya maka ƙarfinta, kuma in aka zarce kima guba ce. Tinya ma haka, ba a barin yara su matsa kusa da ita, don ruwanta na iya makantar da ido.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar ɗiban sassaƙe. Iyayenmu sun koya mana a yi bisimilla, a ɗan saɓa ta gabas, a ɗan saɓa ta yamma, a bar sauran. Wasu na ɗauka camfi ne kawai. Ni dai na ga hikima a ciki, domin ta ɓawo itace ke aika abinci zuwa saiwa, in ka zagaye shi da gatari ka kashe shi a tsaye. Yanzu masu kai wa kasuwar Gusau buhu suke cikawa, su feɗe maɗaci tun daga ƙasa har inda hannu ya kai. Masu gawayi kuma sun tasa marke da ƙirya a gaba.

"Da can bayan gida nake samo hano," in ji Goggo. "Yau sai na aiki yaro nesa, ga daji ba lafiya."

Kawu ya ƙara da cewa jiƙo yana da iyaka: yaro in zazzaɓi ya kai shi ga shiɗewa, asibiti za a nufa, ba tukunya ba. Duk muka amince.

Don Allah 'yan uwa, wanda zai ɗebi magani ya ɗebi na buƙatarsa. Hano kuma ko reshensa ka kafa a shinge yana kamawa, sai kowa ya dasa a gidansa kafin damina ta sauka.