Yadda Ɗan Koyo Zai Ƙirƙiro Nasa Salon Buɗe Wasa

Ɗan koyon da ke son a san da zamansa a wasan ces, darar Turawa, kada ya wahalar da kansa da haddar salon buɗe wasa na magabata. Kundin da aka fara bugawa a Belgired a 1974 ya kasa su gida 500, daga A00 har E99, kuma kowane gida ka leƙa, akwai yaron da ya riga ka haddace shi. Mafita ita ce ka ƙirƙiro naka. Nemo motsin da kowa ke gudu, kada ka tambayi dalilin gudun, sannan ka raɗa masa suna. Henri Grob na Suwizalan ya nace wa tura sojan layin g gida biyu tun tashin farko, ga shi har yau da sunansa ake kiran wannan ganganci.

Masu ƙorafi za su ce manhajar kwamfuta ta Stockfish ba ta yarda ba, wai da ka ɗora mata salon sai ma'auninta ya rufto ƙasa kamar guga a rijiya. Gaskiya ne, amma ai ba da kwamfuta za ka kara ba. Abokin karawarka mutum ne mai minti uku a agogo, yana wasa a dandalin Lichess da babban yatsa, shayinsa na hucewa. Kuma akwai hujja. A 1980, a garin Skara na Suwidin, Tony Miles ya amsa wa zakaran duniya Anatoly Karpov da tura sojan gefe gida ɗaya, ya kuma cinye shi. A 2021 Magnus Carlsen da Hikaru Nakamura kowanne ya fito da sarkinsa tsakar fili a motsi na biyu, suna dariya, suka tashi canjaras. Wani zai ce waɗannan gwanaye ne, ko da wane salo suka fara sun san hanyar gida. Irin wannan mutumin, daina gayyatarsa.

Saura gwaji. Buga wasa ashirin cikin dare ɗaya, ka adana ukun da ka ci, sauran ka kira su bincike. In dara ta ci gida, an ɗauke maka sarauniya a banza a motsi na 23 saboda ba ka ga doki ba, kada ka kuskura ka duba wurin. Koma motsi na huɗu, ka dafe haɓa, ka ce wannan reshen salon ne ke buƙatar gyara, gobe kuma ka fito da sabon reshe da nasa sunan.