Rigar Ruwan da Ta Kusa Dafa Ni

Ruwan Akra ba ya sallama. A watan Yuni sai ka baro Maamobi rana na ƙwallewa, kafin ka kai Circle sama ta haɗe rai, kana shiga Adabraka an kece. Ni kuwa sana'ata gyaran fanka da rediyo, kuma duk ɗan abin da nake nema, daga kafasita har dalmar liƙi, sai na gangara Zongo Lane, can cikin gari kusa da kasuwar Makola. Trotro, motar hayarmu, na zuwa, amma cunkoson hanyar ya isa mutum ya karanta izu biyu a zaune. Shi ya sa nake hawa tsohon kekena Phoenix da na gada wurin kawu.

Da mura ta kwantar da ni bana, uwargida ta kafa doka. "Maigida, ko ka sayi rigar ruwa, ko keken nan ya kwanta har Agusta. Na gaji da dafa citta da kanumfari."

Na kai magana majalisar shayi, kowa ya ba da fatawa. Wani ya ce in ɗaure lema a kan keken. Wani ya ce in huda babbar leda in zura kai, ai haka kakanni suka yi, sai ka ce kakanninmu sun san leda. Ɗan wana da ke karatu a jami'ar Legon ne ya gyara zama. Ya ce, "Baffa, matsalar tsohuwa ce. Tun 1823 wani mutumin Sikotilan, Charles Macintosh, ya sa roba tsakanin yadi biyu ya tare ruwa, amma zufa ta rasa ƙofar fita. A 1969 Bob Gore na Amurka ya gano wani abu mai ƙananan ƙofofi, ɗigon ruwa ba ya shiga, tururin jiki yana fita. Sai dai ko shi, in iska ta cika da laima irin tamu, da ƙyar yake numfashi." Ya lissafa mini: mara nauyi, mai dogon baya, mai zif a hammata, wadda aka liƙe ɗinkinta ta ciki, mai launin da direba zai hango. Na yi ta gyaɗa kai. Yaro ne, a gabana aka yanka ragon sunansa. Launin kawai na riƙe.

Daga Zongo Lane zuwa Kantamanto tafiyar ƙafa ce. Wanda bai taɓa shiga ba, kasuwar gwanjo ce da aka ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke sauka cikinta kowane mako, dila-dila daga Ingila, Kanada, Sin da sauransu. Gobarar Janairun 2025 ta cinye yawancin rumfunan, amma mutanen sun sake kafa katako sun ci gaba da ciniki. Nan wani saurayi ya dube ni sama da ƙasa, na ce masa rigar sanyi da ruwa nake so, ta mai keke. Ya nutsa cikin tsibin kaya har kafaɗa, ya fito da ita.

Ruwan lemo ce, mai ƙyalli, da wani zane mai walƙiya a ƙirji. Kauri kamar katifa. Hularta da gashi zagaye da baki. Saurayin ya ɗebo ruwan leda ya watsa mata a hannu, ruwan ya gangare bai tsaya ba. "Alhaji, ka gani? Ko teku ka faɗa." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma Alhajin nan ya shige ni. A aljihu na tarar da wani kati mai hoton dutse lulluɓe da ƙanƙara, da guntun man leɓe. Na ce lallai mai ita babban mutum ne. Na biya.

Ranar da na fara sa ta, hadari ya haɗo tun asuba, iska mai daɗi na kaɗawa. Na ja zif har haɓa, na rufa hula, na hau. Matan da ke layin koko da ƙosai suka bi ni da ido. Abin da mu mutanen Akra muke kira sanyi bai cika sauka ƙasa da digiri 22 ba, rigar kuma an ɗinka ta ne don ƙasar da ruwa ke daskarewa a famfo. Kafin in fita unguwar Nima na ji wani abu na bin gadon bayana. A Circle ya kai ƙugu. A titin Kojo Thompson ya fara taruwa a gwiwar hannu, duk na miƙa hannu in nuna zan juya sai ya zubo ta wuyan rigar. Hadarin kuwa ya yi ta gurnani, ko ɗigo bai sako ba.

Na isa shagon da nake sayen kaya, na buɗe zif, tururi ya tashi. Mai shagon ya leƙa waje, ƙasa a bushe, ya dawo ya dube ni. "Malam, ruwa ake a Nima?" Na ce eh, a wani ɓangare.

A hanyar dawowa aka sako na gaske. Na ce yau kuɗina zai yi aiki. Da farko ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Sai ruwa ya gano ɗinkin kafaɗa, inda liƙin ciki ya daɗe da ɓarewa saboda tsufa, wurin da saurayin nan bai watsa wa ruwa ba. Audugar ciki ta sha ta ƙoshi, rigar ta ninka nauyinta, gashin hula ya kwanto mini a ido. In na waiga in duba mota, kaina ya juya, hula ta tsaya inda take, sai in ga cikin hula. Ga ta gajera ta baya, keken kuma madgad ɗinsa ya faɗi tun zamanin kawu, taya ta yi ta zana mini layin taɓo daga wando har ƙeya. Ashe rabin ruwan mai keke daga ƙasa yake zuwa. Sauran wani trotro ya cika mini.

Na fake ƙarƙashin gadar Circle tare da 'yan okada. Nan ba a wasa da ruwa. Kowa na tuna daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu suka kashe mutum sama da 150, kuma ruwan da babbar kwatar Nima ke kwasowa kogin Odaw yake nufa. Wani ɗan okada ya shafa hannun rigata ya ce, "Baba, daga ina?" Na ce Maamobi. Ya ce, "A'a, rigar nake tambaya." Tasa 'yar shara-shara ce, ta sauko har cinya, in ya naɗe ta aljihu take shiga. Ƙafafunsa cikin baƙar leda, wayarsa cikin wata.

Na ɗauka an gama da ni. Ina shigowa unguwa, ga ruwan lemo, ga ƙyalli, ga taɓo, wata tsohuwa ta tare ni da sanda. "Yauwa ɗan nan, sai yau hukuma ta turo ku? Kwatar ƙofar gidana ta toshe tun azumi." Na cire hula don ta gane ni. Ta gane ni sarai, ta ce to ai duk ɗaya ne tunda na riga na ɓaci. Na yashe mata kwata.

Kafasitocin da na zuba a aljihu sun iso gida suna iyo. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta ɗora tukunyar citta. Ɗan wana ma bai ce komai ba, sai dai washegari ya kawo mini madgad biyu da 'yar riga mara nauyi mai zif a hammata, ya ce wai wani abokinsa ne ya daina amfani da su.

Rigar lemo ta yi kwanaki a kan igiya kafin ta bushe, yanzu tana rataye a shagona bayan fankokin da masu su suka ƙi zuwa karɓa. Duk wanda Allah ya ba bizar Kanada ya neme ni a Maamobi kafin ya tashi. Zan yi masa ragi, man leɓen kuma kyauta ne.